Ranar da Aka Zare Mini Waya a Tashar Kura

Ni dama can mai fargaba ce. In na rufe ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon. In yaro ya daɗe yana barci sai na kai yatsa hancinsa, in ji ko yana numfashi. To mai irin wannan zuciyar aka ɗauki waya mai kuɗi a ciki aka danƙa wa.

Ban riƙe shekarar ba, amma lokacin waya ba ta daɗe da shigowa ƙauyuka ba, mai ita ma sai ya hau tudu ya ɗaga hannu kafin ya ji magana sosai. Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwan noman rani. Maigidana yana ɗan noma, amma sana'arsa fataucin tumatir ce. Ya sayi kwanduna a bakin gona, su haɗa mota da abokansa, su kai Kudu. Da can a jikinsa yake ɗauro kuɗin ya dawo. Da 'yan fashi suka tare motar da ke gabansu a wata tafiya, yana dawowa ya shiga Kano ya buɗe asusu a banki. Daga nan masu sayen kaya a can suke zuba masa, shi kuma ya hau mota aljihu ba nauyi.

Bankin suka haɗa asusun da layin wayarsa. In kuɗi sun shiga, saƙo ya shigo. In ka danna lambar sirri kuma, kana iya sayen kati ko ka tura kuɗi ga wani, kana zaune a kan tabarmarka. Wannan wayar ba ya tafiya da ita, saboda hanya. Yana da wata tsohuwa da aka ɗaure bayanta da roba, ita yake ɗauka. Mai kuɗin kuwa sai ya bar mini, ya ce ko 'yan'uwansa kada su san abin da ke cikinta. Jarinsa kaf yana ciki, da kuɗin taki, da abin da za mu ci har damina.

Ban yi boko ba, ban iya karanta saƙo ba. Don haka da zai koya mini yadda zan tura masa kati in nasa ya ƙare a hanya, sai ya zaɓi lambar da ba zan manta ba, maɓallan tsakiya, daga sama har ƙasa, a jere. Ya kama babban yatsana ya yi ta bi da shi har hannuna ya haddace.

Wata rana na yi ƙunshi, lalle ɗanye a hannu, sai ga kiransa, wai katinsa ya kusa ƙarewa kuma suna rikici da direba, in tura masa maza. Na zare yatsa daga leda na danna haka nan. Maɓallan na farar roba ne, suka sha lallen nan. Na goge da sabulu, na goge da toka, na matsa lemon tsami, a banza. Ni kuma ban da maɓallin amsa kira, babu abin da nake taɓawa a wayar sai su. Sai ga jan layi sambal a tsakiyar waya. Da ya dawo ya gani dariya ya yi, ya ce, "Wayar ma kin yi mata ƙunshi? Saura kwalli." Ni ban yi dariya ba. Na ce ya canja lambar. Ya ce sai ya shiga Kano. Kakar tumatir kuwa ba ta barin mutum ya shiga Kano.

Ranar da abin ya faru yana Kudu. Ni da Inna, mahaifiyarsa, muka kai jaririna rigakafi asibitin Kura, don in ba ya nan ita ce mai raka ni unguwa. Na ƙulle wayar a haɓar zanena, na cusa ƙullin a ƙugu. A layin allura na taɓa na ji ta. Da muka fito, yaro yana tsala kuka, na sake taɓawa na ji ta. A tasha motar garinmu ta tsaya, mutane suka yi caa a kanta, masu buhun albasa, masu jarkar mai, ana turereniya. Ni hankalina yana kan cinyar yaron inda aka yi allurar, ina kare shi da hannu kada a buge. Na ɗaga ƙafa zan shiga ke nan na ji zanena ya yi sakayau.

Na kai hannu. Ƙullin babu. An yanke haɓar zanen da reza, yanka mai kyau kamar na tela.

Na sauko. Na duba ƙasa, na duba ƙarƙashin mota, na kwance goyo na karkaɗe majanyi, alhali na san ba a nan take ba. Na dinga kallon fuskokin mutane. Kowa ya yi mini kama da ɓarawo, har wani tsoho mai carbi.

Inna ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya kike juyi kamar kazar da za ta yi ƙwai?"

Na nuna mata zanen. Ta yi salati, ta tsine wa mai rezar, sannan ta ce, "To Allah Ya mayar da alheri. Waya ce dai, ba rai ba. Shiga mu tafi, rana tana yi."

Na kasa shiga. Motar ta cika ta tafi ta bar mu.

A gefen tasha akwai mai lema, irin masu zama da waya a kan tebur ana biya a yi kira. Lambar wayarmu na haddace ta kamar waƙa, don ita nake rera wa dangi in sun tambaya. Na rera masa ya danna. Ta yi ƙara. Aka ɗauka, ba a yi magana ba, ina jin ƙugin babur da iska. Na ce, "Don Allah, don Annabi, bawan Allah." Aka kashe. Muka sake kira, ba a ɗauka ba. Na ce a kira maigida, sai na tuna lambar tsohuwar wayarsa ban taɓa haddace ta ba. Tana cikin wadda aka sace, shi ne kullum mai kira.

Mai lema ya ce, "Ki bar shi kawai, Hajiya. Yanzu zai cire layin ya yar a kwata."

Da zai yar ɗin da na gode masa. Abin da nake gani a idona shi ne mutumin nan ya tsaya a wata inuwa, ya fito da waya, ya ga jan layin. Ko yaron goye ya gani ya san nan ake dannawa. In bai dace daga ƙasa zuwa sama ba, zai dace daga sama zuwa ƙasa.

Na ja Inna bayan wata rumfa. An ce kada in gaya wa kowa, amma uwa ba kowa ba ce. Na ce, "Inna, kuɗinsa suna ciki."

"Cikin me?"

"Cikin wayar. Duka."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kuɗin tumatir? A cikin abin nan da bai kai sabulu ba? Ta ina suka shiga?"

Na yi mata bayani iya yadda na gane, ina yi ina haɗiyar kuka. Ban tabbata ta fahimta ba, amma ta fahimci fuskata. Ta ce mu koma gida a nemo ƙannensa. Na ce ranar ruwa ce. Ran da aka sako ruwa a ɓangaren gonakinmu, babu namijin da za ka samu a gida, kowa yana bakin kwalbati da fartanya yana gadin rabonsa. Kafin mu je, a nemo su, su wanke ƙafa, su shigo Kano, banki ya tashi. Kuma sai kowa ya ji.

Inna ta gyara mayafi. Ta ce, "Kin san bankin?"

"Na san kalarsa. Irin ta kalandar ɗakinmu ce."

"To ni na ba ki izini. In ya yi faɗa, ni zai yi wa."

Ban taɓa ganin doguwar hanya irin ta ranar ba, alhali kullum ana cewa Kano nan kusa ce. Direba ya tsaya ya ɗauki mai kaji. Ya tsaya ya sha mai. Ya tsaya ya gaisa da wani abokinsa, har da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Jikin yaron ya fara zafi saboda allurar, ya ƙi nono, ya ƙi shiru. Ni kuma ƙafata sai rawa take a ƙasan mota, har matar da ke kusa da ni ta ce, "Baiwar Allah, keken ɗinki kike takawa?" Ta taga ina ganin gonaki kore shar, mata sun sunkuya suna tsinkar tumatir, kwanduna jere a bakin titi an rufe su da ciyawa. Duk kwandon da na gani sai in tuna nawa irinsa ya ɗora a mota, nawa ya ruɓe a hanya, kafin abin da ke cikin wayar nan ya taru. Hannuna kuma bai daina komawa ƙugu ba, yana laluben abin da babu.

A Kano muka yi ta tambaya, ina kwatanta kala, har wani mai keke mai ƙafa uku ya gane ya kai mu. Ƙofar bankin wani akwatin gilashi ne, mutum ɗaya yake shiga ya rufe. Inna ta shiga, akwatin ya yi magana da Turanci ya ƙi buɗewa. Mai gadi ya ce ƙarfe ne a jikinta. Ta fito da makullan ɗaki, ta fito da gwangwanin goro, tana cewa, "Ko gidan sarki ban ga wannan tsirfa ba." Ni dai ina kallon rana ta fara karkata.

Ciki sanyi kamar randa. Aka nuna mana wata ma'aikaciya a bayan gilashi, budurwa ce, Bahausa, da tabarau da ɗaurin ɗankwali irin na 'yan birni. Na faɗa mata komai a dunƙule, farko a ƙarshe, ƙarshe a farko. Ta saurara, ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Ba ke ce mai asusun ba, don haka ba zan buɗe miki komai ba, ba zan gaya miki abin da ke ciki ba. Amma zan iya tsayar da wayar, ta daina taɓa kuɗin, har mai shi ya zo da kansa. Ba ni lambar."

Na rera mata. Ta danna a kwamfuta.

"Yauwa. Cikakken sunan mai asusun? Nasa da na mahaifinsa."

Sai na sunkuyar da kai.

Yanzu na ji 'yan zamani suna kiran miji da sunansa gatsau, wasu ma da Turanci. A garinmu, a lokacin, mace ba ta kama sunan mijinta, balle na surukinta. Tun da aka kai ni gidan, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko ni kaɗai a ɗaki. In za a kira wani mai irin sunan, sai in ce mai sunan maigida. Na juya na kalli Inna, sai na tuna ita tata ta fi tawa. Shi ne ɗanta na fari, uwa kuwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, "yaron nan" take ce masa ga shi da gemu. Suna na biyun kuma na mijinta ne, marigayi. Mu biyu a gaban gilashi, suna biyu, babu wanda ya halatta a bakin ɗayarmu.

Inna ta matso. Ta ce, "'Yata, sunansa sunan limamin garinmu."

"Mama, ban san limamin garinku ba."

"To mai sunan mai unguwar da ya rasu bara. Dogo, mai jaki."

Wani a layin bayanmu ya tuntsire da dariya. Wani kuma ya ce, "Haba Iya, a taimaka mana, mu ma da uzurinmu."

Ma'aikaciyar ta turo takarda da biro ta ƙasan gilashi. "To ki rubuta."

Na kalli biron. Makarantar allo na yi, ita ma ban yi nisa ba. In an rubuta mini zan bi, amma in ƙago suna da kaina, ban iya ba. Na tura mata abinta.

Inna ta ce, "Ai yana gabanki a cikin talabijin ɗin nan. Ke ki faɗa, mu mu ce eh."

"Mama, in ni na faɗa, ko ɓarawon ne ya turo matarsa ai eh za ta ce. Ni ma ina da kaka a ƙauye, na san abin da kuke ji. Amma aikina ke nan." Ta rage murya. "Ki faɗa a hankali, ni kaɗai zan ji."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Iska ce kawai ta fito. Inna tana tsaye kafaɗarta tana gugar tawa, ina jin ƙanshin goronta. Ta yaya zan kama sunan ɗanta a gabanta, sannan gobe in durƙusa in gaishe ta? Yaron ya sake fashewa da kuka, ina jijjiga shi, gumi yana bin bayana a cikin sanyin nan.

Sai na ga budurwar ta matsa kusa da kwamfutar, ta gyara tabarau. Fuskarta ta canja.

Ta ce, "Bai kamata in gaya miki ba. An sayi kati da layin nan ɗazu." Ta sake duba kwamfutar. "Ga wani ma ya shigo yanzu, muna nan zaune. Wanda yake riƙe da ita ya gano lambar. Kati yake saye tukuna, yana gwadawa. In ya lalubo inda ake tura kuɗi..."

Ba ta ƙarasa ba na faɗi sunan.

Na yi niyyar raɗa, amma da ƙarfi ya fito, kamar mai kiran wanda ke tsallaken kanal. Har mai gadi ya waiwayo. Sunan ya yi mini baƙo a baki, kamar na wani mutum dabam da ban taɓa dafa wa tuwo ba. Na kafa ido a kan takalmina.

"Na gode. Sai na mahaifinsa."

Nan kam na tsaya cak. Mutumin da ya karɓe ni a gidansa, yake ajiye mini rake in ya dawo daga gona, yana kabari in kama sunansa? Ina jin daƙiƙa tana wucewa, ina ganin yatsan ɓarawo yana bin jan layin nan.

Sai na ji Inna ta yi gyaran murya. Ta kai bakinta daidai ramin gilashin, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta da ke wajena, ta faɗi sunan mijinta. A hankali ta faɗa, ta ja shi kaɗan, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta. Sannan ta ce, "Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta."

Mutumin da ya yi dariya ɗazu ya ce, "Amin, Iya." Wasu ma suka amsa.

Budurwar ta yi ta danne-danne, ta tashi ta shiga wani ɗaki da takarda, ta daɗe, ko ni na ga ta daɗe. Ta dawo ta sa na dangwala yatsa. Ta ce, "Shi ke nan, na tsayar. Ko ya danna lambar yanzu, ba abin da zai fita. Ki gaya wa maigidan ya zo da kansa da katin shaidarsa, ya je kamfanin waya su dawo masa da layinsa, kuma ya canja lamba. Kada ya sake zaɓar masu jere."

Na ce, "Kin tabbata ya tsaya?"

"Na tabbata."

"Ko ya kashe ta ya kunna?"

"Ko ya wanke ta da sabulu."

Duk da haka sai da na sake tambaya a bakin ƙofa, mai gadi ya ce shi ba ya cikin wannan magana.

A motar komawa ni da Inna ba wadda ta kalli wata. Ta karɓi yaron ta rungume, ta jiƙa gefen mayafinta da ruwan leda tana shafa masa a goshi. Ni ina kallon taga ta dama, ita ta hagu. Ruwa ya kwanta a kunyoyi, balbelu sun sauka suna bin masu ban ruwa. Muka isa gida ana kiran magariba.

Hankalina bai kwanta ba sai da ya dawo. Kwanakin nan in na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai in miƙe in leƙa. In ina tankaɗe sai in tsaya in ce, in yarinyar nan ta danna ba daidai ba fa? In wani asusun ta rufe? Shi kuma can ya yi ta kira ba ya samu, ya taho da zullumi, yana zaton wani abu ya sami yaron.

Da ya ji labari bai zauna ba, washegari da sassafe ya shiga Kano. Ya dawo da la'asar, na tare shi tun a zaure, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce katin da ɓarawo ya saya ne kawai ya tafi, bai kai kuɗin kwando biyu ba. Jari yana nan. Na zauna a kan turmi.

Bayan ya ci abinci ya zo ƙofar ɗakin Inna ya tsuguna, ni ina gefe ina wanke kwanuka. Ya ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, mutanen nan ko ni na je sai sun yi mini tambayar kabari. Ku yaya aka yi suka yarda da ku? Me kuka ce musu?"

Hannuna ya tsaya a cikin ruwan wanke-wanke.

Inna ta ɓantari goro, ta tauna, ta tauna. Ta ce, "Bayani muka yi musu."

"Wane irin bayani?"

"Irin na mata. Kai dai tashi ka je ka auno taki tun bai ƙara tsada ba."